Mutum Goma Sha Bakwai

Komlan mai gyaran firij a Sabon Gari yake haya,
ɗaki ɗaya, bayan gidan Hajiya Gambo mai ƙosai.
Ni ke gyara masa waya in ta faɗi,
ita kuwa ba ta gajiya da faɗuwa.
Ran wata Asabar ya ce,
Mutari, hannunka ba ya rawa, zo ka riƙe mini.

Na riƙe.

Ya rataya shuɗin zanen gado ya rufe tsagar bango,
ya sa farar riga, gugar gawayi,
ya shaƙe wuyansa da karabat a zafin Afrilu.
Daga ƙugu zuwa ƙasa gajeren wando ne da silifa,
tunda idon waya bai kai can ba.

Da Faransanci yake ba wani Bature amsa,
wani mai gemu can ƙetaren teku,
mai fitila uku a ɗakinsa,
wanda ya ce Mormon zuƙi ta malle ce tun daga tushe,
babu allunan zinariya a cikin tudu,
babu mala'ika, babu komai.
Baturen bai san da Damagaram a duniya ba,
balle Komlan.

Zakaran Hajiya ya yi cara. Muka sake.
Mai garuwa ya doki ƙofa, kuɗin jarka huɗu yake bi. Muka sake.
Kuran ya ɗauke, fanka ta yi juyi biyu ta mutu,
zufa ta zana masa taswira a ƙirji.
Ladan ya ɗaga murya, la'asar,
sai ya yi shiru don kansa,
yatsa a kan layin da ya tsaya.
Je ka, in ji shi, hujjar ba ta gudu.
Na dawo da ruwan alwala a gemu,
yatsan na nan inda na bar shi.

A fadarmu ba ya shan shayi.
Na fari mai ɗaci, na biyu, na uku mai zaƙi,
duk su wuce ta gabansa,
shi da ledar ruwan sanyi yana tsotsa.
Laminu ya ce, addinin da ya hana shayi,
a garin nan ko akuya ba zai musuluntar ba.
Komlan ya fi kowa dariya.

Bayan sati ya zo shagona a Kasuwar Dole,
yana nuna mini lamba kamar wanda ya ci jarrabawa:
goma sha bakwai suka kalla.
Ɗaya ni ne.
Uku shi ne, na sani.
Ɗaya uwarsa ce a Kpalime, ba ta jin Faransanci,
kumatunsa take dubawa ko ya rame.

Ko harafi ɗaya ban yarda da shi ba,
na kuma faɗa masa, ido cikin ido.
Ya ce, hannunka na ara, ban ce zuciya ba.
Duk da haka nakan yi tunani da dare,
in duwatsun Birni na amayar da zafin da suka haɗiya,
in aka kai ni garin da babu mai kiran salla,
ni kaɗai, da ɗan littafina,
wa zai riƙe mini?

Jiya ya kawo wayar, wai ta cika, ta ƙi ɗauka.
Bidiyo arba'in da ɗaya na gardama,
sai hotunan ɗiyarsa Afi, tana tatata a wani tsakar gida
da bai taka ba shekara biyu.
Na ce, dole a goge wani abu.
Ya zauna kan benci.
Ya daɗe.
Babban yatsansa na yawo tsakanin su biyun, ya kasa sauka.

Cikin gwangwanin madara ina da wani kati,
na wani direba da bai dawo ba tun bara.
Na hura masa iska, na zura.
Nawa? in ji shi.
Na ce, ka dai roƙi Hajiya kafin Asabar
ta ɗaure zakaran nan.