Layin da Waya Ta Cinye

Shekara ashirin da shida ina sauraronki, Cima Nomau,
waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa,
yatsuna bisa tafireta mai gurguwar ƙafa,
a ɗakin jarida na bayan kasuwar Katako
inda fanka ke juya zafi, ba ta rage shi.

Ke kina can. Kullum kina can.
Yau Khartum, gobe bakin ruwan Abijan,
wata shekara garin da numfashi ke zama hayaƙi.
Abokan aikinki su yi layi suna jiran minista,
ke sai ki bi ƙanshin albasa
har ki iske ɗan Adar yana suyar ƙwai a bakin titi,
ki tambaye shi nawa gishiri yau,
daga nan ki gane ko yaƙi na tafe.

Ni ban taɓa wuce Doso ba.
Teku ma a bakinki na ɗanɗana shi.

Daren nan kin kira da ƙarfe biyu,
harbi a bayanki kamar gugguru a wuta.
Kika ce, "Matan unguwar sun fito da asuba suna…"
Waya ta mutu.
Edita a tsaye kaina, injin bugu yana jira.
Na rubuta: "suna share ƙofar gida,
kwanson harsashi da ganye, tsintsiya ɗaya."

Layin nan ya fi ki tafiya.
An sa shi a bangon littafinki,
ɗalibai sun hardace shi,
ni kuwa duk inda na ji shi sai in duba ƙasa.

Jiya na zo Yantala, na same ki a tabarma,
yana ta rufe ido,
fasfo bakwai ɗaure da kyauro kusa da buta.
Na faɗa miki, murya na rawa kamar ta ɗan lakwal.

Kika yi dariya har shayi ya zube.
"Na sani tun ranar, Arzika.
Gudu suke, da goyo. Babu mai shara.
Amma da na koma bayan sati uku
na tarar da su da tsintsiya.
Riga ni zuwa ka yi."

Ban san ko yafewa ce ba, ko hukunci.
Kika ce in ƙara gawayi,
in ba ki labarin abin da ya faru a Yamai
duk shekarun da ba kya nan.