Nakiya a Mpape

Da azahar ake fasa dutse a Mpape.
Kafin lokacin nake ɗebo ruwa a kofi,
in rufe taga, in ƙara wa rediyo murya,
in zauna kusa da ƙafar Baba Zarami, ta hagun,
wadda har yau take riƙe da ɗan ƙarfen Bama.

Likita ya ce a bar shi,
cirewar ta fi barin haɗari.
Shekara tara ke nan suna zaune ɗaki ɗaya,
ɗan hayan da ba ya biya, ba ya tashi.
In hadari ya haɗo, shi ke fara gaya mana.

Sai ƙasa ta motsa.
Kwanon rufi ya amsa, cokali ya yi tsalle a faranti,
allura ta tsaya cak a bakin hular da yake ɗinki.
Idonsa na kaina, amma ba ni yake gani ba.
Kyari, in ji shi. Bintu. Ya Kolo.
Yana jan su ɗaya ɗaya kamar carbi,
in ya zo kan na huɗu sai ya haɗiye.
Na huɗun ba a faɗarsa a gidan nan.

Baba, dutse ne.
Masu tifa ne ke jira a ƙasa,
gidaje za a gina wa mutanen Maitama.
Sha ruwa.

Ya sha. Ya haɗa da ƙwayar hawan jini,
rabi yau, rabi gobe,
don katin ya kai mu ƙarshen wata.

Inna kuwa ba ta firgita, ita barci ne ya ƙaurace mata.
Cikin dare nakan ji tana share tsakar gidan da ta share,
tari na bin tsintsiya.
Ranar sallah ta daka mana nakiya, ta ce:
a garinmu wannan kaɗai muka sani da sunan,
kafin ɗayar ta zo.
Muka yi dariya har ta dafa bango.

Ƙurar dutse ta kwanta.
Baba ya lalubo zaren, hannu na rawa,
ya ci gaba daga inda ya tsaya.
Kowace hularsa na da ɗinki guda da ya karkace,
daidai inda azahar ta same shi.
A kasuwar Wuse ba wanda ya taɓa lura.
Ni kan nemo wurin da babban yatsa
kafin in miƙa wa mai saye.