Matakala Bakwai

Gidanmu na Gangare a kan dutse yake zaune,
matakala bakwai daga ƙofa zuwa titi.
Ni na zuba su da hannuna shekarar da aka haifi Lantana,
siminti buhu biyu, yashi daga Dilimi.
Ban taɓa ƙirga su ba sai bana.

Tsufa bai yi mini sallama ba.
Ta gwiwa ya shigo, kamar mai ɗiban wuta,
na ce sanyin Jos ne, in rana ta ɗaga zai tafi.
Na shafa man zafi, na ɗaure da tsumma,
na koma Farin Gada
da buhun dankali a kafaɗa.
Ranar da sujada ta yi mini nisa
aka ajiye mini kujerar roba a ƙarshen sahu.

Sai suga.
Likitar Lamingo, yarinya sa'ar jikata,
ta raba ni da shayin Tanimu mai kauri,
ta ce in riƙa duba tafin ƙafata kowace safiya.
Da wane idon?
Yana ta riga ta rufe na hagu,
na dama kuma mutane yake nuna mini ta bayan labule.
Ƙusa ta shige ni ran Laraba,
ban sani ba sai Juma'a,
da Kande ta ga jini a takalmi.
Yatsu biyu na baro musu a asibiti.

Da ɗaya bayan ɗaya suka zo, da na iya da su.
Amma sun san juna, kamar 'yan kamasho a tasha,
wannan ya karɓi kayanka ya miƙa wa wancan:
gwiwa ta zaunar da ni, zama ya ciyar da suga,
suga ya lashe ido,
ido ya ɓoye mini matakala ta huɗu,
ƙugu ya amsa, ƙaras, kamar busasshen kara.

Wata tara ke nan.
An yi suna a maƙwabta, ƙamshin kawai na halarta.
An kai Jatau makwanci,
abokina tun muna wankin kuza a Bukur,
daga taga na yi masa addu'a.
In ana hira yanzu, bakuna nake kallo,
in an yi dariya in yi,
kunnen ma ya fara kwashe kayansa.

Kande kuwa hawan jini ya karɓe mata hannun dama.
Ita ke karanta takardar magani,
ni ke buɗe kwalba.
Ita ke cewa ga butar nan gabanka,
ni ke ɗaura mata ɗankwali, a karkace.
Shekara hamsin da ɗaya muna gardama,
sai yanzu muka tashi mutum ɗaya, shi ma da ƙyar.

Shekaranjiya Barau ya zo, ɗan Lantana mai koyon walda,
da tsohon bututun ƙarfe a kan keke napep.
Bai yi shawara da kowa ba.
Ya fasa gefen simintina, ina ji ina masifa,
ya kafa abin dafawa daga sama har ƙasa,
bai ko shafa masa fenti ba.

Yau da hantsi na kama ƙarfen, sanyi ƙalau.
Ɗaya. Biyu.
A ta huɗu na tsaya muka gaisa, ni da ita,
ba na riƙe ta a zuci, ni na yi ta gajeriya.
Bakwai.

Titi yana nan inda na bar shi,
kwata ma ba a yashe ba.
Mai lemo ya leƙo ya ce, Baba, tafiya ka yi ne?
Na ce ƙwarai, kuma na yi nisa.
Ya jawo mini benci.
Daga sama Kande na kira, wai kada in daɗe.
Na ɗaga kai ina lissafi:
bakwai ɗin suna jirana,
amma bari in gama ɓare lemon nan tukuna.