Taga ta Uku

Shekara ashirin da shida ina zaune a taga ta uku,
ofishin gona na gundumarmu, yammacin Nebraska,
inda iska ba ta hutun Lahadi.
Na san gonar kowa ban taɓa taka ta ba:
eka nawa alkama, eka nawa masara,
wace kusurwa ƙanƙara ta yi wa aski a watan Yuni.
A kan takarda ƙasa take zuwar mini,
ba ƙamshi, ba tana, sai lambobi.

Kaka ta yi, kuɗin tallafi sun sauka.

Delbert Hruska ne farkon shigowa, kullum shi ne,
hula a hannu, taɓo a takalmi.
Da safe na ji shi a shagon gahawa
yana zagin gwamnati har kofinsa ya huce.
Yanzu ga shi ya sassauta murya
kamar mai roƙon gishiri gidan da ya yi faɗa jiya:
"Marlys, sun shigo?"
Sun shigo, Delbert.
Kwana ɗaya za su yi da sunanka.
Gobe banki ya yagi nasa,
mai taki ya yaga, mai man tarakta ya yaga,
saura ba zai sayi taya guda ba.
Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Mafi tsoka a jerin bana
na wani ne da ban san fuskarsa ba,
kamfani mai sunan kogi, a hawa na sha huɗu can birni.
Gona tara ya haɗiye bai yi gyatsa ba,
ta tara ɗin ta babanmu ce.
Tallafi eka yake ƙirgawa, ba ya ƙirga gumi.
Ni na buga hatimin.
Hannuna bai yi rawa ba,
abin da ya tsorata ni ke nan.

Huɗu saura kwata sai ga Leland Tveit,
tamanin da ɗaya, yana jan ƙafar hagu,
ambulan a ninke cikin aljihun ƙirji.
Eka arba'in ce a bayan rafi
da ake biyansa ya bar ta ta huta cikin ciyawa.
"Da babana ya ji ana biya don kada a yi noma," in ji shi,
"da ya nemi a nuna masa mahaukacin."
Bai yi dariya ba. Ya turo takardar.
Sunan Ardith ne a kai.
A watan Maris aka binne ta, ƙasa ba ta gama narkewa ba.

Akwai fom na fari, akwai fom na ambaliya,
akwai na wannan ma, a aljihun tebur na ƙasa.
Na cika masa don tabaransa na gida,
haka ya ce.
Ina rubutu yana kallon bango:
"Ita ta matsa a bar wurin.
Ciyawa ta kai ƙugu yanzu.
Tsuntsayen da ta ce za su dawo sun dawo,
da asuba ba sa barin mutum barci."
Ya sa hannu a ƙarƙashin layin da na soke,
ya daɗe a kan harafin ƙarshe.

Biyar ta yi na kulle.
Hanyar gida ta gaban gonarmu take bi.
An ture gidan, an cike rijiyar,
masara ta shuku har inda gadona yake.
Itatuwa huɗu kaɗai aka bari a jere
suna tare iska ga babu kowa.
Motar makaranta ta wuce ni, mai kujera sittin,
na ƙirga kai uku.

Gobe da takwas zan ɗaga labule.
Saura suna ɗari da goma sha ɗaya.