Giyar da Ba Ta Kwalba Ba

Ran Talata, kan tudun yashin Nebraska,
akori-kurar da Baba ya bar min ta ƙi gaba.
Inji na kuka kamar sa a hannun mahauta,
taya huɗu tsaye cak, dami ashirin na ciyawa a baya.

Shekara talatin tana canza lamba da kanta,
ba ta taɓa neman izinin ƙafata ba.
Yau ta manta biyu, ta manta uku,
ribas kaɗai ta riƙe,
kamar tsohon da ya manta karin kumallo bai manta da shekaranjiya.

Arlo Tibbets ya kwance farantin ƙasa, ya tsoma yatsa, ya shinshina.
Man da na sani ja wur ya koma baƙi, yana warin ƙauri.
Maganaɗisun ciki ya yi gemu da garin ƙarfe.
"Verna," in ji shi, "haƙoranta ke nan.
Ta daɗe tana cin kanta, ke ce ba ki ji ba tun tuni, 'yar tsiya."

Ya zana min uku a bayan rasit.
Ta kamfani, a akwatin katako, garanti shekara uku,
kuɗinta ya fi na motar duka, har da karen da ke kwana ciki.
Ko ya farke tawa, ya zuba mata sabon hanji,
sati biyar, in kaya sun iso,
shanu kuwa ba su san sati biyar ba, ƙanƙara na hanya.

Ta uku tana filin matattun motoci,
wajen Benicio Olguin, bayan layin dogo.
Dala ɗari tara. Garantinta musabaha.
Yayana Delbert ya ce a waya:
"Sayar da gwangwanin nan, ki ci bashi kamar kowa."
Na ce masa ruwa bai ƙare wa ɗan kada ba,
ya ce ni da Baba kanmu ɗaya.

Olguin ya bi da ni layi-layi, hannu a aljihu.
Na tsaya gaban wata shuɗiya, fenti lafiya, ko ƙwarzane babu.
Ya girgiza kai.
"Mai kyan jiki, tambayi abin da ya kawo ta nan.
Nemi wadda aka daka.
Wadda ta mutu tana gudu, giyarta na aiki har daƙiƙar ƙarshe."
Ban taɓa jin magana mai sanyin wannan ba, kuma gaskiya.

Mun same ta can ƙarshe, fara, goshi ya shige ciki.
Na kwanta a ƙasa da tocila a baki,
na goge lambar jikin akwati da yawu,
na ƙirga ramukan soket: sha biyu, irin tawa.
Da sha uku ne, da an yi aikin baban giwa.
Man ja ne. Mil dubu tamanin.
A kujera akwai safar hannu guda, ta hagu,
da kofin kofi mai suna Lyle.
Ban tambaya ba. Olguin ma ya kalli wata nahiya.

Maruƙa biyu na sayar.
Arlo ya ƙara mata ƙaramin lagireto don jan tirela,
ya ce kar in zage ta in ta yi gardama da safe.

Asabar na hau tudun nan da dami ashirin.
Ɗaya. Na riƙe numfashi.
Ta ɗan jinkirta, ba irin na Baba ba,
kamar baƙo a bakin ƙofa yana share takalmi,
sannan ta shiga biyu.
Na ce, "Sannu, Lyle," ban san ko yana raye ba.
Shanu sun ɗago kai daga nesa,
mu uku muka gangara, ni da kare da giyar wani, muna tafiya.