Dagros

In ka bi titin da ya ratsa gonakin alkama
a arewacin Dakota, inda sama ta fi ƙasa yawa,
za ka ga wani koren allo da harsashi ya huda sau biyu:
Dagros. Mutum talatin da ɗaya.
Ni ce ɗayar.

A makaranta Malam Brekke ya koya mana
wai sunan wani injiniyan reluwe ne,
mai gashin baki da agogon sarƙa.
Muka haddace, muka ci jarrabawa.
Kakata Gunhild ta yi dariya har haƙoran robarta suka zame:
"Injiniya? Injiniya mai ƙaho da hantsa?"

Ga yadda ta ba ni shi, tana feraye dankali.

Gida bakwai suka tsallako teku daga Norway.
Ba itace, ba dutse,
sai suka yanka ƙasa da ciyawarta kamar tubali, suka ta da ɗaki.
Hunturun farko ƙanƙara ta toshe ƙofa.
Gari ya ƙare a buhu.
Suka ƙona ciyawa, suka ƙona kujera,
har akwatin da ya ɗauko su Littafi ya shiga wuta.

Saniya ɗaya ta rage,
ja, mai farin goshi, ƙahon hagu a karye.
Suka jawo ta cikin ɗaki ta kwanta tsakanin yara,
numfashinta ya zame musu murhu.
Kofi guda da safe, yara goma sha ɗaya,
kurɓi, miƙa, kurɓi, miƙa.
Da ƙasa ta saki aka binne biyu.
Tara suka yi furfura.

Shekara huɗu baya, takarda ta zo:
in kuna son gidan waya, ku kawo suna.
Suka aika ɗaya, aka ce wani gari ya riga su.
Suka sake, haka.
Torger Lien ya ce a sa nasa, tunda shi ke da injin niƙa,
saura kaɗan a ba hammata iska a ƙofar coci.
Ana cikin hayaniya Aslaug, uwar kakata,
ta ɗau alƙalami ta cike gurbin.
Akawun birni bai san yarensu ba. Ya buga hatimi.

Kunya ce ta haifi injiniyan.
Wane namiji zai ce daga garin saniya ya fito?

Amma akwai abin da kaka ba ta faɗa da dariya.
Wata rana wani tsoho ya zo a kan doki,
cikin mutanen da aka tasa kafin a raba filayen.
Ya tsaya bakin rafi, ya kira wurin da sunansa na fari.
Gaɓa huɗu, ta ce, ko biyar.
Ba wanda ke da fensir a aljihu.

Gidan waya ya rufe bara.
Ni nake sake wa allon fenti duk bazara,
harafi shida, ba ya ɗaukar lokaci.
In na gama nakan gangara rafi
in tsaya, ko ruwan zai maimaita.