Ranar Da Zuwaira Ta Kawo Teku

Shekara hamsin ina kan gora,
cikina ya yi kanta, Kogin Haɗeja ya san ni.
Na ɗauka babu mai ƙaya da ban san sunansa ba,
sai ga Zuwaira, 'yar ƙanena,
ta sauko daga motar Dutse da la'asar
da teku a cikin jakarta.

Ina ɗinkin koma a gindin tsamiya
ta miƙo waya: "Baba Ilu, wane ne wannan?"
Na goge ido da bakin riga.
Shuɗi ne, shuɗin da marina ba su taɓa haɗawa ba,
da farin zobe cikin zobe cikin zobe,
kamar an jefa tsakuwa a karofi
ruwan ya ƙi kwantawa.

"Yaro ne," in ji ta. "Ga shi da ya girma."
Na ce a'a, wannan wani ne,
mai ratsin rawaya kamar kunyar gona,
ya rangaɗa kwalli har ya wuce ido.
Mu a nan tarwaɗa tarwaɗa ce tun tana 'yar mitsitsiya,
da gashin bakinta take tasowa.

Ta ce kifin mala'ika ake ce musu.
Na ce astagfirullah, wa ya ga mala'ika
har ya dawo da kwatance?
Ta yi dariya, ta ci gaba da turo su da ɗan yatsa:
wani ja zur kamar garwashin banda,
wani rabi rawaya rabi shuɗi,
kamar an tsoma shi a baba aka kira mai rinin sallah,
wani bai kai tafin hannu ba,
wani ya fi faifai.
Iri sun haura tamanin, kowa da rigarsa.
A cikinsu har da wanda in maigida ya mutu
babbar macen ke rikiɗewa ta zama namiji.
Nan na ajiye allura.

Na ce, to, yana banɗuwa?
Ta ce, "Haba Baba!"

Sai na tambayi garinsu.
Ta nuna min wani daji a ƙasan ruwa,
ba kainuwa, ba bado, ba taɓo ko kaɗan.
"Murjani ne. Rai gare shi."
Murjani?
Dangin wanda Hajjo ta ɗaura a wuya shekara talatin,
wanda ke cikin kumbo tun ranar da muka kai ta?
Ashe matata ta yi ta yawo da ƙofar gidan kifi
tsakanin rijiya da madafa, ba mu sani ba.

Ta ce in ruwa ya yi zafi dajin yakan yi fari fat,
masu riguna su watse.
Na ce wannan kam ba sai kin nuna min ba.
Dubi can, inda kacalla ta tsaya kamar gero:
nan ne na ja giwan ruwa da ya fi ki tsawo.

Ta ciro littafi. "Faɗa min naka."
Na fara: karfasa, ƙurungu mai ƙara a hannu,
gaiwa da ke kwana cikin busasshiyar laka har damina,
minjirya mai girgiza ƙato, tsage, kawara,
bargi, gartsa, yauni,
talibambam sarkin fushi.
Ba mai shuɗi, ba mai zobe.
Launin gida suka ɗauka, launin taɓo.

Na kai ashirin da uku na tsaya.
Bakwai a ciki rabona da su
tun Zuwaira tana goye.
Ta ce, "Maimaita bakwai ɗin, a hankali."
Na maimaita. Ana kiran magariba,
tana rubutu da hasken wayar,
kifin nan mai kwalli yana kallonmu.